Ɗan Aike Da Ganin Gari: Nasiha Ga Wanda Aiki Ya Kai Ƙasar Waje

Ya ku 'ya'yana da ƙannena na Dingaya, da na sauran garuruwan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, maza da mata, ina so in yi muku magana a kan wani al'amari wanda ba ya cikin abubuwan da iyayenmu suka yi mana nasiha a kansu, ba don sun yi sakaci ba, sai don a zamaninsu tafiyar da mutumin karkara ya sani ba ta wuce ci-rani zuwa Kano ko Jos, in kuwa ta yi nisa to hanyar Gabas ce, wadda mutum kan yi sallama da dangi ba tare da an sa ranar dawowa ba, ya yi shekaru a Sudan yana tsinkar auduga a gonakin Jazira kafin ya tara abin da zai ƙetare Bahar Maliya da shi. Yau kuwa yaron da ya yi firamare a garin nan ana iya kiransa ofis da hantsi a miƙa masa takarda, a ce an zaɓe shi zuwa taro a Alƙahira, ko kwas na mako biyu a ƙasar Sin, ko kuwa ubangidansa na kasuwa ya tura shi ya gano masu sayen riɗi da zoɓo, tun da yake zoɓon da ake nomawa a Jigawa har Meziko yake kaiwa. Wannan yanki dai ba baƙon duniya ba ne, domin Alhaji Sule Lamido, mutumin Bamaina, shi ya riƙe Ma'aikatar Harkokin Waje ta Nijeriya daga 1999 zuwa 2003, Alhaji Aliko Ɗangote kuwa daga Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya wuce Jami'ar Azhar.

Tambayar da wanda ya sami irin wannan takarda yakan zo da ita, bayan ya gama murna, ita ce: "Baba, tun da wani ne ya biya kuɗin jirgi, kuma ban san ranar da zan sake samun irin wannan dama ba, akwai laifi in na ƙara kwana biyu na ga gari?" Amsata ita ce babu laifi, hasali ma hasara ce babba mutum ya keta sararin samaniya ya sauka a ƙasar da kakanninsa ba su taɓa jin sunanta ba, sa'an nan ya dawo bai san komai nata ba sai ɗakin taro da ɗakin kwana da motar da ke kai shi tsakaninsu, alhali Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a yi duba na i'itibari. Magabatanmu na kusa ma haka suka yi. A 1943, ana tsakiyar yaƙin Hitila, Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya tafi Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma wadda Nnamdi Azikiwe ke ciki. Tafiya ce ta aiki, har ya gana da tsohon Gwamna Lugga ya faɗa masa abin da ke damun Arewa, amma da yake ya tafi da idonsa a buɗe da alƙalaminsa a hannu, sai ga shi a 1944 ya fitar da littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda dubban mutanen da ba su taɓa ganin teku ba suka ga Ingila a cikinsa. Kazalika maƙwabcinmu na Bauci, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, sa'ad da yake Ministan Sufuri a 1955, an tura shi Amurka ya ga yadda ake jigila a kan kogin Misisifi, don a gwada irinta a Kwara da Binuwai. Ya ga jiragen ruwan da aka aike shi gani, amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda mutanen da asalinsu ya sha bamban suka zama al'umma guda, kuma shi da kansa ya bayyana daga baya cewa wannan gani ne ya sauya masa ra'ayi game da yiwuwar Nijeriya ta zauna ƙasa ɗaya. Ba a rubuta wannan a cikin takardar aikensa ba.

To, amma ku lura da tsarin abin, domin a nan ne ƙafar da yawa daga cikin ma'aikatanmu take zamewa. Yaron da aka aika kasuwar Sara ya sayar da rago, in ya sayar ya ƙulle kuɗin a lalitarsa, sa'an nan ya tsaya kallon gardawa kafin motar gida ta cika, ba mai ce masa don me. Amma in ya ɗaure ragon a gindin bishiya ya tafi kallo, kasuwa ta watse, to ko da ya dawo da labarin da ya fi zuma daɗi bai tsira daga zargi ba. Akwai wata al'ada da ta yi katutu, wadda kowa ya san ta ko da yake ba a cika faɗa ba, watau mutum ya zo ɗakin taro da safe ya sa hannu a takardar halarta, ya rataya katin sunansa a wuya, ya ɗauki hoto a gaban allon da aka rubuta sunan taron, ya sha shayi, sa'an nan ya sulale zuwa kasuwa, ba a sake ganinsa ba sai ranar raba takardun shaida. Wannan ha'inci ne, ko da kuwa shugaban tawagar ne ya fara fita. Kujerar da ka bari wayam an hana wani ita aka ba ka, wataƙila wanda ya fi ka buƙatar ilmin, kuma kuɗin da aka kashe a kanka na asibitin da ba magani ne da ajin da ba benci. Baƙin da suka shirya taron kuwa ba makafi ba ne. Ba za su ce maka uffan ba, sai dai baɗi in ana rabon gurabe a ga sunan ƙasarku ya ragu, ba wanda zai san dalili.

Saboda haka ganin gari yana zuwa ne bayan an naɗe tabarmar taro, kuma da kuɗinka da kwanakinka. Bari in yi muku dalla-dalla, ko da za ku ce na cika ƙididdiga, domin shubuha ba ta shigowa ta babbar ƙofa. Tun kafin a sayi tikiti, ka rubuta wa shugabanka wasiƙa, ka ce aiki zai ƙare ran kaza, kana neman izinin ƙara kwana biyu da za a cire daga hutunka na shekara, kuma duk abin da wannan ƙari ya jawo yana wuyanka. In ya amince, amincewar ta zama a rubuce, saboda izinin baka yakan mutu ranar da aka yi wa mai bayar da shi canjin wurin aiki. In jinkirta ranar dawowa ya sa kuɗin jirgi ya hau, ka biya bambancin. In bai hau ba, wannan rabonka ne halal, ba ka ci na kowa ba. A masauki kuma, daren da aiki ya ƙare, ka sauko wurin mai karɓar baƙi ka ce ya rufe lissafin kwanakin aiki ya ba ka rasiti, ya buɗe sabo da sunanka. Zai ɗaga kai ya dube ka, ya taɓa kwamfutarsa, cikin minti biyu ya miƙo maka takarda. Wani ma, don yana zaton taimako yake yi, zai tambaye ka ko ya haɗe duka a rasiti guda tun da ofis ne ke biya. Ka yi masa godiya ka ce a'a. In ɗakin ya fi ƙarfin aljihunka, wanda galibi haka ne, ka ɗauki jakarka ka koma ƙaramin masauki a wata unguwa, kuma sau da yawa a can ne za ka ga garin na haƙiƙa, inda mutane ke sayen burodi da safe suna faɗa da direban bas. Kuɗin guzurin da aka ba ka na kwanakin aiki ne. Abin da ka tsimi daga ciki ta hanyar cin abinci mai araha, in ƙa'idar wurin aikinku ta bar maka shi, naka ne, amma ƙara kwana a takarda don a ƙara maka guzuri, ko sayen rasitin ƙarya, wannan cin haram ne tsagwaronsa, kuma sunan da ake kiransa da shi a ofis ba ya sauya hukuncinsa.

Sai kuma batun takardu, wanda zan ratsa da sauri don ofisoshin jakadanci sun fi ni bayaninsa. Ka karanta bizarka da kanka, ranar shiga da ranar fita da yawan kwanakin da aka ba ka, domin waɗannan uku ba koyaushe suke daidaita ba. Bizar ƙasashen Turai da ake kira Shengen tana ba ka damar ƙetarawa daga Faransa zuwa Jamus ko Italiya ba tare da sabon hatimi ba, amma Ingila ba ta cikinta, kuma inshorar lafiyar da suke sharɗantawa, wadda ba ta kasa Yuro 30,000, dole ta game har kwanakin da ka ƙara. Wanda ya wuce wa'adinsa da kwana ɗaya da sunan yawon buɗe ido ya ɓata fasfonsa, ya kuma tsananta wa duk wani mai koren fasfo da zai tsaya a wannan layi bayansa. Wanda kuwa ya tafi tun farko da niyyar ɓacewa, ya bar abokan tafiya suna ƙirga kawuna a filin jirgi, wannan ba shi nake wa magana ba.

Akwai wata mas'ala ta fiƙihu wadda ban cika jin matafiyanmu suna kula da ita ba, ga ta kuwa a cikin Risala da Muhtasar waɗanda ake karantawa a zaurukan garin nan. A mazhabarmu ta Malikiyya matafiyi yana ƙasaru ne in tafiyarsa ta kai mil 48, kuma hukuncin safara yana yankewa da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda. Ke nan wanda taronsa na kwana uku ne, in ya shiga garin da niyyar ƙara biyu a nan, ya zama mazauni tun daga saukarsa, sai ya cika sallarsa. Ba zai yi ta sallar raka'a biyu ba yana cewa ai shi baƙo ne. Malamanmu kuma sun bambanta tsakanin tafiyar da ke da manufa ta halal da tafiyar saɓo da ta lahawu zalla, ba su ba su rangwame iri ɗaya ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tambayi kansa me zai je gani, don me. Ku kuma san cewa rana ba ta bin agogon gida: a Landan cikin Disamba magariba kan yi kafin ƙarfe huɗu na yamma, cikin Yuni kuwa sai bayan tara na dare, don haka wanda bai nemi jadawalin salla na garin ba tun ranar farko zai wayi gari yana ramuwa.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi ba ni sha'awa, watau me za a gani. Kwana biyu ba su da yawa, kuma akwai abubuwa biyu da ke cinye su ba a sani ba. Na farko tsaraba. Mutum yakan sauka da jerin sunaye a wayarsa, na gwaggo da na kawu da na surukai da na abokan aiki, ya ƙare kwanakinsa yana ciniki a kan jallabiya da turare da takalma waɗanda rabinsu akwai su a Kantin Kwari, daren tafiya kuma ya kwana yana zama a kan akwati don ya rufu, yana fargabar kilo 23 na ma'aunin jirgi. Tsaraba sunna ce ta zumunci, ban hana ba, amma a ware mata yammaci guda ta tsaya nan. Na biyu waya. Na sha ganin hotunan 'ya'yanmu a Facebook, ga mutum ya cika hoton da fuskarsa, abin da ya yi tafiyar dubban mil don ya gani yana bayansa ya juya masa ƙeya, kuma in ka tambaye shi wa ya gina, yaushe, don me, sai ya ce wallahi wuri ne mai kyau.

A ce Alƙahira aka tura ka, tun da ita ce ɗalibanmu da marasa lafiyarmu suka fi sani. Kowa zai ce ka je dalar Giza, kuma ka je, domin gini ne da ya yi shekara wajen 4,500 a tsaye, mai shi kuwa ko gawarsa ba a tarar a ciki ba, wannan kuma wa'azi ne da ba ya buƙatar mai fassara. Ka yi salla a masallacin Azhar, wanda Faɗimiyyawa suka fara gininsa a shekarar 970, ka tuna cewa mutanen ƙasashenmu sun daɗe da sanin wannan birni, har mutanen Kanem suka gina wa ɗalibansu makaranta a cikinsa tun ƙarni na 13, kuma daga nan ne Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Amma in ni ne kai, ɗan manomi daga ƙasar Gwaram, ba zan bar garin ba sai na je tsibirin Rauda na ga ma'aunin kogin Nilu, wanda aka gina a shekarar 861. Rijiya ce mai faɗi da aka gine da dutse, da matakala tana zagayawa har ƙasa, a tsakiyarta an kafa ginshiƙin marmara guda mai kusurwa takwas, an tsattsaga masa alamu kamu-kamu. A zamanin da, idan damina ta sauka a ƙasar Habasha ruwa ya taso, sai ya shigo rijiyar ta kafofin da aka yi masa, ma'aikaci ya sauka ya karanta inda ya tsaya: in ya kai kamu 16 an san za a ƙoshi, in ya gaza an san fari na tafe, in ya zarce da yawa an san ambaliya ce, kuma a kan wannan karatu hukuma take yanke harajin shekara. Ka tsaya a bakin rijiyar nan ka yi tunani, mutanen da ruwan sama bai cika sauka a ƙasarsu ba, yau sun haura miliyan 100, suna noma alkama da auduga da shinkafa da kogi ɗaya tal, saboda sun fi shekara dubu suna auna ruwansu suna rubutawa, mu kuwa ruwa kan zo ya ci gonakinmu da damina ya wuce, da rani mu zauna muna jiran wani. Wannan tsayuwa ta rabin sa'a ta fi yini guda a kasuwar Khan Halili amfani. Haka abin yake ko'ina: in Guwanzu ta ƙasar Sin ce, bayan ka ga tsohon masallacinta, ka roƙi abokin cinikinka ya kai ka masana'antar da ake ƙera abin da kake saya, in Landan ce, gidan tarihi na Birtaniya shiga kyauta ne, kuma a ciki za ka tarar da tagullar Bini da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Ka shiga motar haya ta talakawa, ka ga inda suke zubar da shara, ka ga yadda suke bin layi, ka ga kuma abin da ya lalace a wurinsu, tsofaffin da ba mai gaishe su da masu kwana a bakin titi, don kada ka dawo kana raina gida a kan abin da gida ya fi su.

Sai dai idon da bai saba duba ba a gida ba zai fara a ƙasar wani ba. A nan Birnin Kudu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen mutanen dauri a jikin duwatsu, shanu da jan launi, waɗansu masu dogayen ƙaho kuma ba su da tozo, watau ba irin shanun da Fulaninmu ke kiwo yau ba ne, abin da ke nuna daɗewar zanen. Kusa da su kuma akwai duwatsun da in ka ƙwanƙwasa da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar ƙarfe, har wuraren bugun sun lotsa saboda yawan hannayen da suka riga naka. A tsakiyar shekarun 1950 wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya zo ya auna su ya rubuta labarinsu ya kai gaban masanan duniya, hukuma kuma ta sa su cikin kayan tarihin ƙasa. Nawa ne daga cikinku suka taɓa hawa? Ana wucewa ta gefensu kullum a hanyar Kano, ana zuwa asibitin tarayya a dawo. Ranar da za ka zauna cin abinci da baƙi a wani birni, ɗaya daga cikinsu ya juyo ya ce, "Kai kuma me ke akwai a garinku?", ba ƙaramar kunya ba ce ka rasa abin faɗa sai sunayen 'yan siyasa, alhali mai tambayar wataƙila ya karanta labarin duwatsunku a jami'arsu.

In Allah ya dawo da kai, haƙƙin wanda ya aike ka shi ne rahoto a kan lokaci, da rasitai na gaskiya, da mayar da abin da ya yi saura in ƙa'ida ta ce a mayar. Haƙƙin garinku kuwa shi ne ka ba da labari a inda zai yi amfani, ka shiga makarantar da ka fito ka zauna da 'yan aji shida, ka zana musu rijiyar Rauda a allo, ka gaya wa manoman unguwarku nawa ake sayar da riɗinsu a inda ya sauka da irin tsabtar da masu saye suke nema. Kada ka jira a gayyace ka, shugaban makarantar ba zai ƙi ba.

Wanda duk takardar tafiya ta zo masa a bana, ina roƙonsa ya rubuta wasiƙar neman izinin nan tun a makon da ya karɓe ta, ya sayi ɗan littafin rubutu da zai shiga aljihu, kuma kafin ranar tashi ya ɗauki ƙannensa wata Asabar su hau Dutsen Habude. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.